ADS1115, MCP3008, ADS7042 ko ADC na Cikin Maikrokontrola: Wanne Ya Dace da Sakit Mai Ƙaramin Boltej?

Duk wanda zai haɗa na'urar da za ta auna wani abu, ko boltejin batirin sola ne, ko zafin injin ƙyanƙyasar ƙwai, ko nauyin buhu a kan sikeli, sai ya bi ta hannun ADC, wato aisin (ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu, IC) da ke karɓar boltej mai hawa da sauka ya mayar da shi lambar da maikrokontrola, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa na'urar, ke ganewa. A da kusan komai 5V ne, zaɓi bai da wahala. Yanzu ƙafafun ƙananan kwamfutoci irin su ESP32, Raspberry Pi da STM32 duk a 3.3V suke aiki, wasu sakit ɗin ma a 1.8V ko kai tsaye a kan batirin da ke raguwa kullum. Mutum ya buɗe shafin dillali ya ga bit 10, bit 12, bit 16, har bit 24, sai ransa ya tafi ga mai lamba babba, tunda yawan bit shi ke nuna yawan matakan da ADC ke raba awo. Ni a ganina yawan bit shi ne abu na huɗu ko na biyar da ya kamata a duba. Akwai tambayoyin da suka riga shi.

Abubuwan da za ka fara tantancewa

Na farko, boltej mafi ƙanƙanta da sakit ɗinka zai gani kafin ya mutu, ba wanda aka rubuta a jikin batir ba. Batirin 18650 yana farawa daga 4.2V ya sauka zuwa wajen 3.0V. CR2032, ɗan batirin nan mai kamar kwabo, an rubuta masa 3V, amma ana lissafin ƙarfinsa har ya kai 2.0V. Batiran AA guda biyu suna farawa a 3V su gangara zuwa 2V ko ƙasa. Aisin da mafi ƙarancin boltejinsa 2.7V ne zai daina ba ka lamba mai gaskiya alhali batirin AA yana da sauran ƙarfi sosai, kuma ba zai sanar da kai ba. Lambobi za su ci gaba da fitowa.

Na biyu, kuma shi ne wanda aka fi sakaci da shi, ma'aunin boltej da ADC ke gwada komai da shi, ƙafar da ake rubuta wa VREF. ADC ba ya cewa “wannan 2V ne”. Abin da yake cewa shi ne “wannan kaza ne cikin ma'aunina”. Kamar mudu ne a hannun mai awo: in mudun ya lotse, ko sau nawa aka ƙirga daidai, hatsin bai cika ba. Wasu aisin suna da ma'auninsu a ciki, wasu suna ɗaukar wutar da ake ciyar da su a matsayin ma'auni, wasu kuma suna barinka ka kawo naka.

Na uku, saurin awo. Zafin ɗaki da boltejin batir ba sa gudu, awo ɗaya a sakan ya yi musu yawa. Wutar layi kuwa a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a sakan, don haka mai son ganin siffarta yana buƙatar dubban awo. Sauti ya fi haka. A nan ne iri biyu na ADC suka rabu. Masu tsarin SAR suna ɗaukar awo nan take, suna da sauri, bit ɗinsu yawanci 10 zuwa 16. Masu tsarin delta-sigma suna tara awo da yawa su tace, suna da nawa amma lambarsu ta fi natsuwa.

Sai girman siginar da kanta, wutar da aisin ke ci, yawan mashigai, hanyar magana da maikrokontrola (I2C waya biyu, SPI yawanci huɗu), da kuma abin da takardar kamfani ba za ta gaya maka ba: za ka iya liƙa shi da dalma a teburinka, kuma in ya ƙone za ka sami wani?

Misali ɗaya da zai nuna matsayin bit

Ɗauki batirin sola na 12V, wanda kan kai 14.4V lokacin caji. Ka rage boltejin da rizisto biyu, 100k a sama da 22k a ƙasa, sai 14.4V ya koma kusan 2.6V, daidai da bakin ADC mai 3.3V. Da bit 10, kowane mataki 3.2mV ne a ƙafar aisi, wato kusan 18mV a kan batir. Da ADS1115 mai bit 16 a zangon awo na 4.096V, mataki bai kai 1mV a kan batir ba. Bambancin ya yi kama da babba. To amma batirin ruwa da ya huta yana nuna wajen 12.7V in ya cika, wajen 12.2V in ya kai rabi, tazarar rabin bolt ke nan, kuma 18mV ya isa ya rarrabe ta.

Ga inda matsalar take. In rizistocin nan masu kuskuren kashi 1 cikin 100 ne, ɗaya ya karkata sama ɗaya ƙasa, awonka zai iya kaucewa da 0.2V. In kuma ma'aunin ADC ɗin shi ne regiletar 3.3V ta kan bod (aisin da ke tsayar da wuta a boltej ɗaya), wadda kaucewar kashi 2 cikin 100 ba abin mamaki ba ne gare ta, ga wani 0.25V ya ƙaru. Batirin da ke rabi sai a ce maka ya kusa cika. Ƙarin bit ba ya gyara wannan ko kaɗan. Abin da ke gyara shi ma'auni mai kyau ne, da rizisto masu kuskuren kashi 0.1 cikin 100, ko kuma ka daidaita awon da mita mai aminci ka ajiye gyaran a cikin firogiram.

ADC na cikin maikrokontrola

Kyauta ne, tunda ka riga ka biya kuɗin aisin, kuma babu ƙarin waya. Kafin ka sayi komai ka tambayi kanka ko wannan bai isa ba. Sai dai ba duka suke ɗaya ba.

Na ATmega328P, wanda ke kan Arduino Uno da Pro Mini, bit 10 ne, yana da ma'aunin ciki na 1.1V, kuma aisin yana aiki har 1.8V in an rage gudun agogonsa. Ba shi da abin burgewa amma ba ya ruɗa mutum. Ma'aunin cikin nasa yakan bambanta daga aisi zuwa aisi, tsakanin 1.0V da 1.2V, don haka sai an daidaita kowane ɗaya. Na STM32 bit 12 ne kuma yana da sauri, amma ka lura: a STM32F103, wanda ke kan bod ɗin da ake kira Blue Pill, ɓangaren ADC yana buƙatar 2.4V zuwa sama ko da sauran aisin yana aiki a ƙasa da haka. Dangin STM32L4 su ne aka yi domin batir, ADC ɗinsu na sauka ƙasa da 1.8V.

ESP32 shi ne wanda ya fi sa mutane ciwon kai, domin kowa yana sonsa saboda Wi-Fi. An rubuta bit 12, amma layin awonsa ba miƙaƙƙe ba ne. A zango mafi faɗi, Espressif, masu ƙera shi, da kansu sun ba da shawarar a tsaya tsakanin 150mV da 2450mV, kuma ma'aunin ciki da ya kamata ya zama 1100mV yana iya faɗawa ko'ina tsakanin 1000 da 1200. Bayan haka, a ESP32 na asali, ADC biyu ne a ciki, kuma mashigan ADC2 ba sa amfani muddin Wi-Fi na kunne, sai dai na ADC1, wato ƙafafu GPIO32 zuwa GPIO39. RP2040 na Raspberry Pi Pico shi ma an rubuta masa bit 12, amma takardar kamfanin ta nuna bit ɗin da ke da amfani bai cika 9 ba. Ita kuwa Raspberry Pi babba, mai ɗauke da Linux, ba ta da ADC sam.

ADS1115 na Texas Instruments

Delta-sigma ne mai bit 16, yana magana ta I2C, yana aiki daga 2.0V zuwa 5.5V. Mashigai huɗu, ko biyu in za a auna bambanci tsakanin waya biyu. Saurinsa daga awo 8 zuwa 860 a sakan. Abubuwa biyu suka ɗaga shi: yana da ma'auninsa a ciki, don haka raguwar batir ba ta taɓa awon, kuma yana da amfilifaya da ake saitawa, daga zangon 6.144V har zuwa 0.256V.

Amfanin amfilifayar yana fitowa a awon karant. Shont, wato ƙaramin rizisto da ake auna karant ta kansa, mai ba da 75mV a amfiya 100, irin wanda ake ɗaurawa a layin batirin inbata, in ka kai shi ga ADC mai bit 10 a 3.3V, mataki ɗaya ya haura amfiya 4, wato fanka da fitilu za su yi ta ci ba ka gani. A ADS1115 da zangon 0.256V, mataki 7.8µV ne, kusan 10mA. Sharaɗi kawai, shont ɗin ya zauna a ɓangaren nagatif, saboda ƙafafun aisin ba sa jure abin da ya wuce wutar da ake ba shi da fiye da 0.3V. Wannan ƙa'idar ita ce ke ƙona shi a hannun mutane da yawa. Zangon 6.144V ba izini ba ne na saka 6V. In aisin yana kan 3.3V, iyakarka 3.3V ce, ko me ka saita. Haka kuma in ka auna waya ɗaya da ƙasa, rabin lambobin, na ɓangaren nagatif, ba ka amfani da su, don haka bit 15 ne a hannunka.

Wajen cin wuta, 150µA yake sha in an bar shi yana awo ba tsayawa. A kan CR2032 mai kimanin 220mAh, shi kaɗai zai shanye batir cikin wata biyu. In ka sa shi ya yi awo ɗaya ya koma barci, inda yake shan kusan rabin µA, awo ɗaya a minti ba zai kai µA ɗaya a matsakaici ba. Ana iya jera guda huɗu a layin I2C ɗaya, adireshi 0x48 zuwa 0x4B, ta hanyar sauya inda ƙafar ADDR ta haɗu.

Aisin tsirara ƙarami ne, ƙafa goma a matse, amma kusan kowa a ƙaramin bod yake sayensa. Na Adafruit yana kusan dala 15, na kasuwannin intanet na Sin kuwa 'yan daloli ne ko ƙasa da haka. Araha ba ta ado: an sha samun bod da aka rubuta wa ADS1115 alhali abin da ke kai ƙaninsa ne ADS1015, mai bit 12, tunda ƙafafunsu da rajistocinsu iri ɗaya ne. Gwajin ba wuya. Karanta ɗanyen lamba sau da yawa kana ɗan sauya boltej. In kullum lambar tana tsalle da 16, wato bit huɗu na ƙarshe sifili ne, ADS1015 aka ba ka.

Inda ba ya kai wa shi ne sauri. Awo 860 a sakan, a kan wuta mai juyi 50, maki 17 ne kacal a kowane zagaye, kuma in za ka auna boltej da karant ta mashigai biyu sai ka raba wannan, ba kuma a lokaci ɗaya ake ɗaukarsu ba. Mai son mitar wutar layi ko ta janareta ya nemi wani.

MCP3008 da MCP3208 na Microchip

SAR ne, SPI, mashigai takwas. MCP3008 bit 10, MCP3208 bit 12, ƙafafunsu iri ɗaya. Babbar falalarsu ana samun su a siffar DIP, wato aisi mai manyan ƙafafu 16 a jere biyu, ka soka a allon gwaji ko ka sa musu soket, in ya lalace ka zare ka sa wani ba tare da ka kunna ƙarfen dalma ba. Ga na'urar da za a kai ƙauye ko gona, inda mai gyara ba shi da injin hura iska mai zafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Farashinsu 'yan daloli ne a manyan dillalai irin su Mouser da DigiKey.

Lambar saurin da ake talla da ita ta 5V ce: dubu 200 a sakan ga MCP3008, dubu 100 ga MCP3208. A 2.7V suna komawa dubu 75 da dubu 50. Har yanzu wannan ya ninka na ADS1115 nesa ba kusa ba, ya kuma isa ga wutar layi (ta bayan taransifoma ko sensar karant mai kama waya, ba kai tsaye ba) da ma sauti mara nauyi.

Rauninsu biyu. Mafi ƙarancin boltej 2.7V ne, don haka AA biyu ko CR2032 sun fita sai da sakit mai ɗaga boltej. Sannan ba su da ma'auni a ciki. Yawancin zanen da ke yawo suna haɗa VREF da 3.3V, sai duk hayaniya da kaucewar regileta su shiga awon. In sensar taka tamista ce (rizisto mai bin zafi) ko fotenshiyomita (rizisto da ake murɗawa) da ke cin wuta daga wannan 3.3V ɗin, babu laifi, domin in wutar ta ragu, sigina da ma'auni tare suke raguwa, lambar ba ta motsi. In kuwa boltej na gaske kake aunawa, irin na batir, saka aisin ma'auni kamar LM4040 mai 2.5V a ƙafar VREF. Kuma kada ka ba shi 5V don neman sauri alhali yana haɗe da Raspberry Pi: ƙafar fitarsa za ta aika 5V cikin ƙafar da ba ta jure fiye da 3.3V.

ADS7042, ga mai sakit na 1.8V

Wannan na wani aji ne. SAR mai bit 12, awo miliyan ɗaya a sakan, SPI, mashiga ɗaya tak, yana aiki daga 1.65V zuwa 3.6V. Cin wutarsa yana bin saurin da ka sa shi: 234µW a cikakken gudu a kan 1.8V, kuma ƙasa da µW ɗaya in awo dubu kawai kake yi a sakan. Ma'auninsa ita ce wutar da ke shiga ƙafar AVDD, saboda haka sai ka ba shi wuta mai tsabta da kafasita dab da ƙafar, kada ka rataya shi kai tsaye a batir sai in sensar ma daga nan take ci. Ƙaramar siffarsa milimita 1.5 ce kowane gefe, ɗayar kuma VSSOP mai ƙafa takwas. Na mai buga bod ɗinsa ne, kuma kusan kullum sai an yi odarsa daga waje.

Masu aiki na musamman

Akwai ayyukan da bai kamata a wahalar da waɗancan a kansu ba. Sikeli yana da HX711 na Avia Semiconductor, bit 24, yana ninka sigina har sau 128, awo 10 ko 80 a sakan, daga 2.6V, kuma yana cikin mafi araha. Awon zafi mai tsanani da sensar zafi irin su tamokopul ko PT100 yana da ADS1220, bit 24, daga 2.3V, wanda a awo 20 a sakan yake tace hayaniyar wutar layi ta 50 da ta 60. MCP3421 yana ba da bit 18 a aisi mai ƙafa shida da ma'aunin 2.048V a ciki, amma a wannan matakin awo 3.75 kawai yake yi a sakan, kuma 2.7V ne ƙasansa. In kuma karant da boltejin batir kawai kake so, kuma shont yana ɓangaren fozitif, INA226 yana jure har 36V a layin da yake aunawa, ya ba ka duka biyun ta I2C. Sau da yawa shi ne amsar mai aikin sola, ba ADC tsirara ba.

| Aisi | Boltej | Bit | Sauri mafi yawa | Mashigai | Ma'auni | Liƙawa da samuwa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Na cikin ESP32 | na aisin | 12 | ya isa yawancin sensa | da yawa | na ciki, yana bambanta | ba ƙarin aiki | awo ba miƙe ba, ADC2 da Wi-Fi |
| ADS1115 | 2.0–5.5V | 16 | 860 a sakan | 4 | na ciki | bod, ana samu | jabu, nawa |
| MCP3008 | 2.7–5.5V | 10 | dubu 75 a 2.7V | 8 | na waje | DIP, mafi sauƙi | ma'auni mara kyau |
| MCP3208 | 2.7–5.5V | 12 | dubu 50 a 2.7V | 8 | na waje | DIP, mai sauƙi | kamar na sama |
| ADS7042 | 1.65–3.6V | 12 | miliyan 1 | 1 | wutar AVDD | ƙanƙane, sai oda | wuta mai hayaniya |
| MCP3421 | 2.7–5.5V | 12–18 | 240 zuwa 3.75 | 1 | na ciki | SOT-23 | nawa sosai |
| HX711 | 2.6–5.5V | 24 | 80 | 2 | na sikeli | bod, araha | bambancin ingancin bod |

Ƙarko

Aisin da kansu ba su cika mutuwa don tsufa ba. ADS1115 da ADS7042 an gwada su har zafin digiri 125, MCP3008 na yau da kullum har 85. Akwatin ƙarfe da aka kafe a rana a Sakkwato ko Agadas cikin watan Afrilu yana zafi ƙwarai, amma abin da zafin ke fara taɓawa shi ne regileta da rizisto masu araha, awo ya riƙa yawo tsakanin safe da azahar. Abin da ke kashe ADC shi ne boltej da ya wuce iyaka a mashiga, musamman doguwar waya da ta fito daga fanel ko rijiyar burtsatse lokacin damina da tsawa, da kuma tartsatsin jiki a lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe. Rizisto na 1k a jere da mashiga, kafasita 100nF zuwa ƙasa, da dayod biyu masu kare iyaka, sun fi kowane zaɓin aisi tsawaita rayuwar na'ura. Kafasitan yana kuma taimaka wa masu tsarin SAR, waɗanda ba sa son sigina mai fitowa ta rizisto manya. ATmega328P, alal misali, an tsara shi ne don abin da bai wuce 10k ba.

Wa zai ɗauki wanne

In kana auna abu mai tafiyar hawainiya, batir, zafi, matsin ruwa, danshin ƙasa, kuma kana kan ESP32 ko Raspberry Pi, ɗauki ADS1115, ka gwada shi ranar da ya iso. Shi ne kuma zaɓin mai AA biyu ko CR2032, muddin za a sa shi barci tsakanin awo. In sensa da yawa gare ka, ko siffar wutar layi kake bi, ko kana son abin da ɗalibi zai soka a allon gwaji, MCP3208 ya fi, kuma ni zan ƙara ɗan kuɗin in ɗauke shi a kan MCP3008 tunda zane ɗaya suke hawa. In sakit ɗinka 1.8V ne, ko kana buƙatar sauri da ƙarancin cin wuta a lokaci ɗaya, kuma za ka buga bod, ADS7042. Sikeli, HX711. Mitar batirin sola, fara duba INA226. In kuwa abin da kake so kawai na'ura ta san batir ya kusa ƙarewa ko an murɗa maɓalli, ko kana kan STM32 da ma'auni mai kyau, bar kuɗinka a aljihu ka yi amfani da ADC na ciki, ka daidaita shi da mita a maki biyu, ɗaya kusa da ƙasan zangon da za ka auna, ɗaya kusa da samansa.